Tuyar Burul a Gindin Dutsen Tunawa

Burul ba ta taɓa ganin ubanta ba. Tana ciki aka kwashe mazan ƙauyensu na gindin duwatsun Narin zuwa yaƙin Jamus, uban nata Sagimbai kuwa bai dawo ba, ko kabarinsa ba wanda ya sani. Abin da ya rage mata sunansa ne a jikin dutsen tunawa da ke gaban makaranta, cikin sunayen sauran da suka tafi.

Ta ƙare ƙuruciyarta wajen tatsar goɗiya, ta aurar da 'ya'ya, ta binne miji. Amma duk tara ga Mayu, Ranar Nasara, sai ta ɗauko kasko ta hura wuta a gindin dutsen nan ta soya borsok, wani irin fanken ƙasarsu, yadda uwarta ta saba. Kowa ya san mamaci ba ya ci, ƙamshin mai ne rabonsa. Duk curin kwaɓin da za ta jefa sai ta ambaci mutum ɗaya ta yi masa addu'a, na ubanta kuma a ƙarshe, don kara. Da can tsofaffin sojoji ne ke zagaye ta, masu sanda da masu hannu ɗaya, suna ci suna tsokanarta wai ta yi rowar gishiri. Ɗaya bayan ɗaya ƙasa ta rufe su.

Bana sai ga sabon shugaban ƙauye, Talant, yaron da aka yi goyonsa a gabanta, wai babban baƙo zai zo daga birni, hayaƙi zai ɓata hoto. Ya sa aka shimfiɗa jan kafet daidai inda take kafa murhu, aka jera kek na kanti cikin leda. Samun wuri ke nan, kuturu da gaɗa a cikin rama. Abin takaici, ranar waɗanda suka ba da ransu ta koma ranar masu tumbi da lasifika.

Burul ta yi kunnen uwar shegu, ta hura wutarta a bakin kafet. Ta kusa gamawa Talant ya iso da bokiti, yana roƙonta ta koma bayan makaranta kada ta kunyata su. Ta ce ai ba a bayan makaranta aka rubuta sunayen ba. Da ya jiyo motar baƙo, sai ya sheƙa wa itacen ruwa.

Curi biyu suka rage. Ta ɗauki ɗaya ta danna masa a tafin hannu.

"Karɓi, ɗana. Na kakanka Asanbek ne, ban taɓa tsallake shi ba. Je ka faɗa masa da bakinka, bana hoto ne rabonsa."

Ya yi tsaye da ɗanyen kwaɓi a hannu, ga baƙo yana miƙo nasa a gaisa. Ita kuwa ta ƙulle na ubanta a gefen ɗankwali, ta wuce ba ta ɗaga ido ta kalli dutsen ba, don kunyar uban nata take ji.