Abin da Na Gani a Ƙugun Malama

Lokacin da abin nan ya faru na haura sittin, kuma a unguwarmu a Azare in mace ta rasu, ƙofata ake fara bugawa. Wankan gawa na gada wurin gwaggota, wadda ta sha gaya min cewa mai wanka ido gare ta, ba ta da baki. Na wanke matan cikin gari, na wanke matan Fulani a rugagen wajen Bulkachuwa, ko goro ban taɓa karɓa ba. Na aurar da 'ya'ya bakwai, na sauke farali, har na fara ganin ni da shaiɗan mun raba gari.

Sai wata malamar Islamiyya ta rasu, mace mai zafi a kan masu bin bokaye, wadda ta sha kunyata mata a gaban aji saboda laya. Ina kwance zanenta na tarar da guru ɗaure a ƙugunta, ya yi baƙi don daɗewa. Na tsinke shi ta ƙarƙashin mayafi, ko mai zuba min ruwa ba ta lura ba, na je gida na ƙone. Da a nan na tsaya da na tsira. Amma maganar ta yi ta cina, har na amayar da ita ga aminiyata, wadda muka yi ɗawafi hannu cikin hannu, 'yarta ma a ɗakina ta girma. Ta rantse min ko kabarinta ba zai ji ba. Ba a yi mako biyu ba labarin ya zaga gidajen suna. Ashe tana cikin waɗanda malamar ta taɓa kunyatawa, ta daɗe tana jiran rana. Da na same ta, ko a jikinta. Ta ce ita ba ta ga komai ba, wadda ta gani ai ita ta faɗa. Wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

Ba wanda ya zage ni, kawai aka daina zuwa kirana. Sai dai in ji kuka a maƙwabta, in ga wata ta wuce da ganyen magarya. Bara yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, ta rasu. Ina ɗaura ɗankwali zan shiga ɗakin, babban ɗanta ya durƙusa yana hawaye, ya ce in yi haƙuri, ta bar wasiyya kada in wanke ta. Na zauna cikin masu gaisuwa ina jin zubar ruwa.

Aminiyata ta ci amanata, amma ni na fara cin amanar wadda ba ta da bakin kare kanta. 'Yan'uwa, duk asirin da Allah ya rufa a hannunku, kada ku ce wance ai tawa ce. Mai rai za ka iya zuwa neman gafararsa, ni wadda na zalunta tana ƙarƙashin ƙasa.