Ɗinkin da Bai Saki Ba

Ni mai basilla ne. Shekara da shekaru aikina ke nan a wata tashar albasa da ke bakin kwalta tsakanin Konni da Malbaza: a cika buhu, ni in ɗinke bakinsa. Daga wajen Tajaye muke saukowa, ni da yayana, in an gama kai gero rumbu, mu zauna har bazara ta ƙare. Shi ɗan dako ne. Buhun da na ɗinka shi yake saɓawa, ya hau katako, ya kai cikin manyan motocin da ke zuwa Gana da Kwaddibuwa.

Wanda bai san sana'ar ba zai ce ai buhu buhu ne. Alhazan albasa da buhu suke saye, da buhu suke biyan mota, da buhu suke biyan ɗan dako, don haka suka ƙirƙiro abin da ake kira hula. In buhu ya cika maƙil, sai a ci gaba da tula albasa a samansa har ta yi tozo, a rufa da takardar siminti, a ɗinke. Kowace shekara hular nan ƙara tsawo take yi. Ta kai sai ƙarti huɗu sun cicciɓa kafin su ɗora wa mutum ɗaya a doron wuya. Alhajin da muke wa aiki kuwa, ko butar alwala sai an ɗauko masa.

Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina taƙama da ɗinkina. Hular wasu takan fashe tun a kan katako, tawa sai ta kai Akara ba ta zubar da ko ɗaya ba. Alhaji kan nuna ni ga baƙi yana cewa ga hannu mai albarka, ni kuma in washe baki kamar an ba ni sarauta.

Shekarar da mutum biyu suka koma gida da ƙaba, 'yan dako suka fara taruwa gindin dogon yaro bayan la'asar. Yayana ne a gaba, don a samartakarsa ɗan kokawa ne, kuma ba wanda ya taɓa ganin ya kasa buhu, saboda haka ba mai cewa ragwanci ya sa shi magana. Buƙatarsu guda ce, a cire hula. Sai wani mai ganin ya waye ya ce ai irin wannan sai da sandika, wato ƙungiyar ma'aikata mai takarda da hatimi, aka aika Konni aka kira sakatare.

Sakataren ya zo a bayan babur, da jaka a hammata da farin gilashi. Da muka gaisa na ji tafin hannunsa, laushi kamar na jariri. Ya hau kan buhun wani talaka ya yi awa guda yana kiranmu kamarad, rabi Hausa rabi Faransanci, yana naushin iska yana cewa tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Inda ba ƙasa nan ake gardamar kokawa. Da aka zo rabon kati, mu masu basilla muka miƙa hannu, sai ya buɗe wata takarda ya duba, ya ce dokar ƙungiyar ta 'yan dako ce kawai. Mu wani rukuni ne dabam, sai mun kafa namu reshe, sai izini ya zo daga birnin Tawa.

Yayana ya ce, "Sakatare, in su ba su ɗunka ba, mu mi za mu ɗauka? A sa su ciki mana."

Ya yi masa irin murmushin da ake wa mai taɓin hankali. "Kamarad, kai dai riƙe ƙarhinka. Sha'anin doka ka bar muna."

Ni kuwa har cikin raina daɗi na ji. Za a yi yajin aiki, yayana zai yi suna, ni ba zan rasa aikin yini ko ɗaya ba. In na raina kowa a labarin nan, to ban cire kaina ba.

Kwana uku 'yan dako suna zaune gindin dogon yaro. Motoci suka yi layi a bakin kwalta, direbobi na shimfiɗe ƙarƙashinsu suna fifita. Ranar bazara ba ta wasa da albasa, ta fara tsatsafo da ruwa, warinta ya cika tashar. Mu kuma muna ta ɗinki, muna jera buhuna masu hula a gaban mutanen da suka ce ba za su ɗauke su ba. Alhaji ya kira jandarma, suka zo suka tarar da mutane zaune ba mai ko sanda, suka sha shayi suka tafi. Ya aika aka kwaso ƙarti daga wajen Bazaga, suka zagaya buhu ɗaya, suka dubi yayana, suka ce su dama kasuwa suka zo. Sakatare dai yana Konni, wai yana bin takarda daga buro zuwa buro, wato ofis-ofis.

Rana ta huɗu da hantsi motar Alhaji ta tsaya, sai ga wani tsoho ya fito da ganga a rataye. Na gane shi nan take. Shi ne makaɗin yayana tun zamanin kokawa, wanda ya ci ragonsa, ya sa rigarsa, ya kwana a zaurenmu ba sau ɗaya ba. Bai ko kalli gindin dogon yaro ba. Ya je ya tsaya kusa da buhun da ya fi kowanne tozo, wanda na gama ɗinkewa da safen nan, ya gyara ganga, ya saki taken yayana.

"Amalen Tajaye, kaya ka tsoronka! Kututturen gawo, gatari ya gaji ya bar ka!"

Ya yi ta maimaitawa, sannan ya sassauta kiɗan ya juya ga direbobi. "An ce mini amale ya tsuhwa. An ce ba yaji yaka yi ba, kasawa ta. Ni dai na ce ƙarya ta, amma ga buhu, ga katako."

A garinmu ba a kaɗa wa namiji takensa yana zaune, Alhaji kuma ya san haka, don shi ma ɗan ƙasar ne. Ina kallon yayana daga inda nake. Yatsun ƙafarsa suka fara tonon ƙasa, kafaɗunsa suka ɗauki tsuma. Mutum biyu suka riƙe masa riga. Na jefar da zare na ruga na ce, "Yaya, don Allah zamna. Tarko na."

Ya ce, "Na sani. Buhu guda ɗai, in gwada musu ba kasawa munka yi ba. In na sauke shi in dawo in zamna."

Abin da ba zan manta ba, waɗanda suka ɗora masa buhun 'yan yajin ne, su huɗu, da katin sandika a aljihu. Sauran suka miƙe suna sowa, masu sayar da fura suna guɗa. Mutanen da suka kwana uku da yunwa don a cire hula, ga su suna tafa wa hula.

Ya taka katako, ɗaya, biyu, har tsakiya. Can sai ƙafarsa ta dama ta yi rawa, muka ji ƙas, ya durƙushe, buhun ya danne shi a kan katakon kafin su gangaro ƙasa tare. Ko albasa ɗaya ba ta fita ba. Makaɗi ya saka ganga a hammata ya sulale ta bayan motoci. Alhaji ya ce Allah ya sawwaƙe, ƙaddara ta riga fata, sannan ya ce a janye buhun daga rana.

A asibiti likita ya ce ƙashin baya ne, ƙafafun ba za su ƙara ɗaukarsa ba. Sakatare ya zo ya tsaya a gefen gado aka ɗauke su hoto, ya ce zai rubuta sanarwa mai zafi. Ihu bayan hari. Kafin ya gama neman hatimi, 'yan dako sun koma ɗaukar buhu da hularsa, kowa na kauce wa idon ɗan'uwansa.

Da albasa ta sake nuna, ban nemi katin kowa ba. Na bi tashoshin bakin kwalta ɗaya bayan ɗaya, ina zama da masu basilla, masu ciko, da matan da ke zaɓen albasa. Ban iya jawabi ba, sai dai in ce ku zo ku ga yayana. Waɗanda suka je suka gan shi ba su ƙara tambayata komai ba. Muka je wurin sarkin makaɗa muka gaya masa, duk mai gangar da ya tako tasha ranar yaji, ba ɗan dako ko mai basilla da zai ƙara kiransa biki ko suna. Sannan muka tattara basillunmu kaf, muka ƙunshe a tsumma, na hau mota na kai Tajaye, na tura ƙarƙashin tabarmar yayana. Muka yi alkawari duk mai son tasa kafin a cire hula, sai ya je da ƙafarsa ya roƙe shi.

Ba wanda ya je. Alhazai suka sayo sabbin basillu suka ba barorinsu, hula ta riƙa fashewa tun a ƙasa, albasa na gangarawa kan kwalta awaki na bi. A kwana na shida suka aiko a yi magana. Muka ce buhu iya bakinsa, a ɗinke shi a shafe, suka yarda suna zagi.

Washegari ranar bikin ma'aikata ce, sai ga sakatare a kan dandamali a Konni, yana ba da labarin yadda ya karya alhazan albasa. A bayansa wa ke kaɗa masa take? Tsohon nan ne, da sabuwar riga. Na tofar da yawu na nufi tashar mota.

Na tarar da yayana a zaure, ƙafafunsa sun zama kamar karan dawa. Na tayar da shi na jingina da bango, na ba shi ruwa, na gaya masa an cire hula. Sai ya dube ni.

"Wancan buhu, kai ka ɗunka shi ko?"

Na ce, "Ni na, Yaya."

"Na sani tun da anka aza mini shi. Da na wani na, da ya hwashe bisa katako, da na tashi."

Ba da faɗa ya faɗa ba, har da ɗan murmushinsa, kamar mai yaba aikin ƙanensa. Ya laluba ƙarƙashin tabarma ya jawo ƙunshin, ya zaro tawa ba tare da ya tambaya ba, ya miƙo mini. Na karɓa, don da ita nake ciyar da gidansa da nawa.