Kakin da aka tuɓe wa Kawu

Akwai abin da ya faru da ni a Gaya ta Nijar wanda har in koma ga Allah ba zai fita raina ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina karatun tarihi a jami'a can Dakar, a shekarar da aka koya mana Yaƙin Duniya na Biyu. Na zo hutu kaina ya kumbura, ga tabarau, ga jaka cike da littattafai, sai ka ce ni na raba yaƙin.

Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon sojan Faransa ne mai muƙamin sarja. Kullum da hantsi yakan zauna gindin mangwaro kusa da tashar motocin Dahome, shi da abokansa direbobi da 'yan kasuwa, ana shan rake, ana Hausa ana Dandanci. Allah sarki, har yau ina jin dariyar wurin nan a kunnena. Abu guda ne ke ci masa rai. Ranar biki tsofaffin sojoji kan fito da kakinsu, shi kuwa sai riga da hula. Cewa yake, bayan sun sha wuta a Faransa, ana gab da nasara aka jera su, aka karɓe kakinsu da takalma aka ba samarin Anasara, aka mai da su baya. Tsumman da aka ba shi kuwa ya jefa a teku don haushi. Abokansa suka ce ina, tukunya kawai ya wanke wa kyaftin.

Ran nan na je gaishe shi, sai wani tsohon direba, abokin wasansa, ya ce, "Yauwa, ga Mushe ɗan boko ya zo! Kai da ka karanta, akwai zancen tuɓe kakin nan cikin takardunku?"

Kawu ya gyara zama yana murmushi, ga ɗansa zai wanke shi. Ni kuwa sarkin sani na gyara tabarau na ce, "Gaskiya ban gani ba. Da ya faru, ai da an rubuta."

Wurin ya ɓarke da dariya. Kawu ya ajiye guntun rakensa, ya sa takalmi, ya tafi. Har hutuna ya ƙare bai sake zama gindin mangwaron ba.

Da na koma Dakar, abin ya yi ta damuna, na shiga tonon tsofaffin takardu a ɗakin karatu. Sai ga shi cikin rahoton wani hafsa, kamar yadda Kawu ya faɗa, har da takalman. Kunya ta rufe ni, na kwafe shi da hannu cikin kayena, wato littafin rubutuna.

Hutu na gaba, ina sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, na wuce gidansa, na yi ta roƙo har ya biyo ni gindin mangwaron. Na karanta musu da Faransanci, na juya da Hausa. Direban nan ya miƙa hannu biyu ya ce, "Sarja, a yafe mana." Aka shimfiɗa masa tabarma, aka fere masa rake.

Muna komawa gida ta bakin kogi, ina ta jiran yabo. Sai ya tsaya ya ce, "Ɗana, na gode. Amma ni da aka tuɓe wa kakin na faɗa maka, ba ka yarda ba. Sai da wanda ya tuɓe ya faɗa."

Na yi shekaru ina koyar da yaƙin nan, kuma ranar ce ta koya mini cewa wanda ya ga abu da idonsa shi ake fara saurara, takarda ta biyo baya. Shi ya sa duk ɗalibin da ya zo gabana, kafin in ba shi littafi nakan tambaye shi ko akwai tsoho a gidansu.