Yarinyar Kawu Mato

Hidaya 'yar ƙauyen Fammar ce, 'yar fari a ɗakinsu, kuma tun tana ƙarama Allah ya yi ta da tsoro. Ko kaza za a yanka sai ta shige bayan rumbu ta toshe kunne. Da aka ji wai aikin jinya za ta karanta, har dariya mata suka yi a gidan suna. To, Allah da ikonsa ta gama, aka turo ta wani ƙaramin asibiti wajen Kibiya. Tsoron dai bai sake ta ba. Kullum da shi take fita, tana tafe tana hasbunallahu.

Su uku ne a wurin: ita, da babbansu Malam Mahdi, mutum mai hannu amma ga faɗa, sai Iya mai shara.

Ranar da ba ta mantawa, da hantsi ne cikin damina. Wani dattijon Bafulatani, Kawu Mato, ya shigo da jikarsa Maijidda a kafaɗa, yarinya ba ta daɗe da yaye ba. Kumfa a baki, jiki sai karkarwa, numfashi kamar ana jan zare. Uwar, Jumai, tana biye. Ko kallon gadon ba ta yi ba, ta je ta tsaya ta ba bango fuska.

"Me ya same ta?" in ji Malam Mahdi. Kawu ya ce shi daga kiwo aka kirawo shi.

"Ke baiwar Allah, 'yarki ce ko ta maƙwabta? Yi magana mana!"

Jumai ba ta waiwayo ba. Ya yi tsaki. "Sista, kawo allurar zazzaɓi, jijjiga ce. Wannan uwar dutse ce."

Hidaya ta ɗauko kwalbar allurar a faranti. Ta taɓa goshin yarinyar, ba zafi, sai gumi mai sanyi. In ba zazzaɓi ba ne fa? Yarinya za ta tafi ana yi mata maganin abin da ba shi ne ba. Ga tsoron Malam Mahdi, ga na dattijo. Ta waiga, sai ta ga yatsun ƙafar Jumai suna ta tonon siminti. Nan ta gane. Ita ma Hidaya har yau uwarta ba ta taɓa kama sunanta ba. Maijidda 'yar fari ce, ga surukin Jumai a tsaye, kunya ce ta hana ta magana.

"Malam, don Allah a dakata," ta ce.

Ya zaro ido. "A dakata? Mutuwa za ta jira ki?"

Hawaye suka kawo mata, amma ba ta miƙa allurar ba. Ta yafito Iya. Iya kuwa ba ta tambayi dalili ba, ta ce, "Baffa, zo ka ga inda ka ɗaure babur, awaki na cin sirdin." Ta ja shi waje.

Hidaya ta je ta tsaya gefen Jumai, ita ma ta kalli bango.

"'Yar'uwa, yarinyar nan ta Kawu, me ta ci?"

Can Jumai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Maganin kaskar shanu. A robar lemo aka zuba shi. Na same ta da robar a baki."

"Innalillahi," in ji Malam Mahdi. Bai tsaya jin kunya ba. "Sista, tuɓe mata riga, wanke ta! Iya, ruwa da sabulu!" Ya ɗauko wata allurar daban. Hidaya na riƙe da ɗan hannun, ba ta san ma bakinta na salati ba. Kumfar ta riƙa raguwa, suka sa ta a mota sai asibitin Rano, Hidaya na rungume da ita, kowane rami sai ta kara kunne a ƙirjinta.

Allah ya yi da sauran kwana.

Bayan sati Jumai ta aiko da ƙwaryar kindirmo, wai a ba wadda ta duba yarinyar mutane. Malam Mahdi ya sha ludayi biyu ya ce, "Matsoraciya, gobe ma in kin ga zan yi ba daidai ba, ki tare ni."

Ta ce to. Har yau in aka shigo da yaro a kafaɗa, sai gabanta ya faɗi.