Ranar da Na Sa Ƙanena Shiga Rumbu

Ni ne na yi kuskure, ba ƙanena ba. Na daɗe ina gaya wa mutane lalaci ne ya kama shi, alhali na san abin da ya same shi.

Da rani yakan tafi haƙar zinare, shi da abokansa biyu da suka tashi tare a Rawayya. Wata rana rami ya rufta da su. Shi aka tono da rai, bakinsa cike da ƙasa. Su biyun sai gawarsu. A asibiti a Gusau aka ce babu karaya, muka yi hamdala muka dawo gida. A wurina magana ta ƙare ke nan.

Shi ba ta ƙare masa ba. Ya daina kwana a ɗaki, ya fitar da tabarmarsa tsakar gida. In babbar mota ta wuce ƙasa ta ɗan motsa, sai ya miƙe zumbur. Da damina ta faɗi, ya ɗauki noman gidajen abokan nan ya ɗora wa kansa. Daga asuba yana gonar wannan, da hantsi yana ta wancan. Sai la'asar yake isowa gandunmu, ya dafa fartanya yana kallon ƙasa.

Na ce masa, "Namu cikin fa? Ko mu ma sai mun mutu za ka yi mana noma?"

Ya sunkuya ya kama noma.

Da kaka muka kawo dammunan gero gida. A gidanmu ƙarami ne ke shiga rumbu ta bakin sama yana jerawa, babba yana miƙa masa. Haka Baba ya yi da mu. Ƙanena ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, ka shiga, ni in miƙo."

Na ce ba a kaina za a sauya tsarin gida ba, ga mata da yara suna kallo. Ya dube ni, ya hau tsani, ya sauka ciki.

Na miƙa damin farko, ba a karɓa ba. Na leƙa. Yana durƙushe, ya rufe kai da hannuwa, yana kiran abokansa, yana ce musu su ja numfashi a hankali, mutane na zuwa. Da ƙyar muka fito da shi.

Washegari ya tafi Tsafe wurin kawunmu. Inna ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Ƙasa ta maido mani ɗana, kai ka sake turbuɗe shi."

Na yi kwanaki ina jin nauyin zuwa, sannan na bi shi. Na same shi zaune a fili gefen rumfar kawu, ya rame. Muka gaisa, na zauna kusa da shi. Can ya ce, "Yaya, don mi ni aka bari? In ban noma masu ba, mi nike yi a duniya?"

Karatuna bai kai in amsa wannan ba. Na ce Allah ne ya sani. Na ce gonakin nan biyu tare za mu noma su baɗi, rumbu kuwa ni zan riƙa shiga har ƙarfina ya ƙare.

Sai na kama hannunsa, abin da rabona da yi tun yana yaro.

"Ka roƙe ni, na ƙi ji. Na zalunce ka. Don Allah ka yafe mani."