Duwatsun Bayan Gonar Kaka

Duk sanda ruwan farko ya sauka a unguwar Lokuwa a Mubi, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse sai ya mayar da ni ƙauyenmu, can hanyar Maiha. A bayan gonar kakata akwai wasu duwatsu dogaye, an kafa su a tsaye, sun yi zobe. Kowanne ya fi mutum tsawo. Rana tana faɗuwa ma suna riƙe da ɗumi, awaki suna goga jiki a kansu.

Al'adar ita ce, in yaro ya kwanta ciwo a zuba kunu a gindinsu. Amma fa sai jikokin waɗanda suka kafa su. In baƙo ya zuba, wai ciwon ƙaruwa yake. To, a nan rigimar take.

Kaka ta ce kakanninmu ne suka kafa. Wanta, wanda muke kira Baba Tsoho, ya ce ƙarya ne, namu sun gangaro daga tsauni sun tarar da su a tsaye. Ya taɓa haƙa a wurin, ya ciro fasassun tukwane masu zanen da ba matanmu suke yi ba.

Wata damina ƙanena ya kama zazzaɓi, jikinsa kamar murhu. Kaka ta dama kunu, Baba Tsoho ya tare ƙofa.

"Za ki kashe yaro da duwatsun mutane."

"Waɗanne mutane? Kai da ko haƙoranka ba ka san inda suka tafi ba."

Ku ji fa, tun hantsi har la'asar tsofaffi biyu suna jayayya a kan mutanen da ba wanda ya taɓa gani. Kunu ya huce. Sai da innarmu ta gaji, ta goya ƙanena ta bi ta bayan gida zuwa asibiti. Ya rayu, amma kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba.

Shekarar da aka shigo Mubi da bindigogi, na gudu ƙauye da 'yata a baya, tana rawar sanyi. Baba Tsoho ya riga ya rasu, ba mai musa wa Kaka. Ta miƙo mini ƙwaryar kunu ta ce, "Je ki zuba, namu ne."

Har yau ban san wa ya kafa su ba, wataƙila ma Baba Tsoho ne da gaskiya. Na karɓi ƙwaryar, na shayar da 'yata kunun, na tambayi wa ke da babur ya kai mu asibiti.