Sunan Alhaji a Ƙarƙashin Fiffike

Muntasir Labaran haifaffen Zongon Kotonu ne, a gidan kakansa da ya zo da fataucin goro tun kafin a shimfiɗa kwalta a unguwar. Ya yi makarantar allo, ya yi lakwal, wato makarantar boko, har ya iya karanta Faransanci, sannan mahaifinsa ya kai shi koyon gyaran rediyo wurin wani Bayarabe a bakin kasuwar Dantokpa. Da ya ƙware sai ya kafa rumfarsa kusa da masallacin Juma'a, inda kowa ya san shi da Muntasir Mai Rediyo. Siririn mutum ne marar yawan magana. Idan ya sunkuya a kan aiki, sai ka maimaita sallama kafin ya ɗago.

Tun yana yaro yake taka sayyada zuwa Kajehun ya tsaya a bayan wayar filin jirgi, yana kallon yadda jirgi ke karkata kafin ya sauka. In ya dawo gida sai ya sassaƙa irinsa da ɓargon tukurwa. Ko da ya girma bai daina ba, har akwai wani da ya rataye a rufin rumfarsa. Shi ne wani Bature, makanikin jirgi, ya gani ran da ya kawo gyaran rediyo. Da zai koma ƙasarsu sai ya bar wa Muntasir wani ɗan inji da bai fi dunƙulen hannu ba, da akwatin sarrafa jirgi daga ƙasa mai sanduna biyu, da ƙunshin mujallun masu wannan wasa.

Sai dai kyautar ta zo a zamanin juyin juya hali. Tun harin da sojojin haya suka kai ta filin jirgin Kotonu, duk wanda aka gani da jirgi mai tashi da rediyo ya jawo wa kansa tambayoyin da ba su da ƙarshe. Don haka Muntasir ya ɓoye akwatin a cikin ƙwaryar wata tsohuwar rediyo. In ya sami sarari, abokinsa Tidjani, wanda suka yi allo tare, yakan raka shi bakin teku can hanyar Wida, inda babu kowa sai masunta. A nan ya koyi tuƙi. Ya karya fikafikai da yawa, ya gano cewa tsofaffin gyalen siliki na kasuwar Misebo sun fi komai daɗin rufe fiffike, kuma man zurma da sipirit su ne abincin injin. Matarsa Rahina ta saba da rasa gyalenta, har ta koma ɓoye masu kyau a gidan yayarta.

Bayan taron ƙasa na shekarar casa'in, wanda ya kawo ƙarshen juyin juya halin, bakin mutane ya buɗe. Jaridu suka yawaita, kowa na kafa ƙungiya, daga masu gyaran agogo har masu kiwon tantabara. Wasu likitoci da malaman jami'a da 'yan Turawa suka kafa kulob ɗin masu ƙananan jirage, suna taruwa a wani fili a Kalabi inda shanu ke kiwo. Muntasir ya fito da akwatinsa da rana tsaka, ya hau bayan babur ɗin Tidjani, wanda a lokacin ya koma sana'ar zemijan, wato haya da babur, fiffike a ɗaure a bayansa suna ratsa gari ana nuna su.

A kulob ɗin an karɓe shi, don hannunsa yana da natsuwa. Amma injinsa ya tsufa, yana tari a sama, wani lokaci ya ɗauke ɗif. Da aka gayyaci kulob ɗin taron masu ƙananan jirage a Abijan, shugaban ya ce duk mai son zuwa ya zo da injin da za a amince da shi, ya kuma nemo wanda zai ɗauki nauyin tafiyarsa. Likitocin suna da bankuna da kamfanoni a bayansu. Muntasir ya kai shekara arba'in, ya kwashe shekaru yana tuƙi a ɓoye, ya kuwa ƙudurta a ransa cewa wannan karon sai ya tashi jirginsa a gaban jama'a.

Mutum ɗaya ya hango, Alhaji Abdulƙahar, mai manyan motocin da ke ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa zuwa Paraku da Malanbil. Tidjani ya taɓa yi masa direba, shi ya kai maganar. Alhaji ya yi dariya, ya tambaya ko ɗan Labaran bai gaji da wasan yara ba har yanzu. Amma don ya san mahaifinsa, ya ce zai zo ya gani da idonsa ranar Juma'a bayan an sauko.

Muntasir ya duba mujallunsa ya ga yadda ake yi a can. Kowane jirgi da sunan mai ɗaukar nauyinsa a ƙarƙashin fiffike, manya-manyan haruffa, don wanda ke ƙasa ya ɗaga kai ya karanta. Sai ya sayo fenti baƙi ya rubuta Abdulƙahar, fiffiken dama da boko, na hagu da haruffan Larabci, ya yi masa wasali tsaf kamar yadda aka koya masa a allo. Bai gaya wa kowa ba, yana so ya zama abin ba-zata.

Ranar Juma'a Alhaji ya iso Kalabi da babbar rigarsa, aka ajiye masa kujera a inuwa. Tidjani ya ɗaga jirgin sama da kansa, ya ce, "Kaftin, in ka kunyata ni yau, da ƙafa za ka koma Zongo." Ya jefa shi cikin iska, don jirgin ba shi da tayoyi, da hannu ake tashinsa, a kan ciki yake sauka.

Injin bai yi tari ba. Jirgin ya hau, ya kewaye filin, ya wuntsila, ya dawo ƙasa-ƙasa ya wuce ta kan Alhaji. Alhaji ya ɗaga kai, ya kare ido da hannu, Muntasir kuma ya ga leɓunansa suna karanta abin da ke rubuce. Sai ya sauko da jirgin a hankali. Ya ja ciki a kan ciyawa, ya karkata hagu kamar yadda ya saba, fiffiken ya share ɗanyen kashin shanu kafin ya tsaya. Muntasir ya ruga cike da murna, ya juya jirgin, ya zaro tsumman da yake goge mai ya shiga gogewa. Da ya waiwayo, Alhaji ya riga ya shiga mota.

A hanyar komawa shi da Tidjani suka yi ta lalube. Tidjani ya ce wataƙila ƙarar injin ce ta dame shi, Muntasir ya ce ko saukar ce ba ta yi kyau ba. Sai da suka shiga gida Rahina ta ga fiffiken a jingine a bango. Ta matso, ta karanta, ta ga shatin ƙazantar a kan haruffan, ta ɗauke shi da hannu biyu ta ɗora a kan kabad.

"Malam, kai ne fa in ka ga 'yar takarda da Larabci a titi sai ka tsince ta ka cusa a tsagar bango," in ji ta. "Wannan da me ka goge shi?"

Muntasir ya dubi fiffiken a kan kabad. Ya san cewa a cikin sunan Alhaji akwai sunan Ubangiji, ya sani tun yana riƙe da allo. Kallon mujalla ne ya sa ya ɗauki sunan kamar sunan sabulu ko na man mota.

Kashegari ya ɗauki reza ya yanke silikin daga fikafikan biyu, rufin da ya ci masa makonni kafin ya gama. Ya wanke shi da ruwa mai tsabta, ya zuba ruwan a gindin bishiya inda ba a takawa, ya shanya, ya ninke ya naɗe a farin ƙyalle. Tidjani ya ce a bari Alhaji ya huce, ko a nemi wani attajirin a Misebo. Muntasir ya ce a'a, wanda ya ɓata wa shi zai koma wa.

Ya iske Alhaji a garejinsa. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ajiye ƙunshin a gabansa. Alhaji ya buɗe, ya daɗe yana kallo, sannan ya sa a aljihun ƙirji.

"Ɗan Labaran, sunan nan rabinsa ne nawa. Rabin da ka jefa a kashin shanu ba nawa ba ne, ba ni da ikon yafe maka shi. Je ka nemi Mai shi."

Muntasir ya ce ya nema, yana kan nema. Sannan ya ce har yanzu yana bukatar injin da tafiyar Abijan. Alhaji ya dube shi kamar bai yarda da kunnensa ba. Ya ce ba zai sa hannu a abin da zai ɗauki sunansa sama ya jefo ƙasa ba, da boko ko da Larabci, kuma ba ya ba da kyauta don a rubuta shi a jikinta. Muntasir ya yi godiya ya tashi.

Amma bai daina zuwa garejin ba. Kullum bayan la'asar yakan rufe rumfa ya zo da jakar aikinsa, ya gaida Alhaji, ya wuce wurin direbobi. Rediyoyin motocinsu sun sha jijjigar hanyar arewa, kusan duk sun mutu, shi kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana gyarawa. Alhaji yana amsa gaisuwa, ba ya ƙarawa. A wannan zaman ne Muntasir ya lura cewa babu motar da aka rubuta wa sunan mai ita. Duk shuɗɗa ne da ratsin rawaya biyu a gefe. Ya tambayi wani tsohon direba, Gado, yadda ake gane su a hanya. Gado ya ce daga Kotonu har gadar Malanbil, ko mai tallan doya ta hango ratsin nan ta san motar wa ce.

Muntasir ya koma Misebo ya tono gyale, Rahina kuma ta je gidan yayarta ta ɗauko ɗaya daga cikin masu kyau ta ba shi ba tare da ya roƙa ba. Ya sake rufe fikafikan, ya shafa shuɗi, ya ja ratsin rawaya biyu, bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Lokacin da kulob ya bayar ya kusa cika. Bai gayyaci Alhaji zuwa Kalabi ba, sai ya ɗauki jirgin ya kai gareji ya ɗora a kan goshin wata mota.

Direbobi suka taru. Gado ya ce ashe motarsa ta haihu ba a gaya masa ba, wani ya tambaya buhun masara nawa jaririn zai ɗauka. Hayaniyar ta fito da Alhaji daga ofishinsa. Ya zagaya jirgin, ya sa aka juya masa shi, ya duba ƙarƙashin fiffike na dama da na hagu, ya shafa da yatsa.

"In wannan ya faɗi fa?"

"Fenti ne ya faɗi, Alhaji. Motocinka ma suna shiga taɓo, a wanke su su koma hanya."

Alhaji ya ce shuɗin ya yi duhu, ba haka nasa yake ba, ya umarci Gado ya ɗebo masa na gareji. Sannan ya tambayi sunan injin da inda ake samunsa. Muntasir ya ce sai Legas. Alhaji ya ce yana da mai zuwa Legas cikin makon, a kwatanta masa da kyau kada ya sayo injin niƙa. Tafiyar Abijan kuma ya ɗauka, har da ta Tidjani tunda shi ke jefa jirgin, da sharaɗin rediyoyin gareji su zama a wuyan Muntasir daga ranar. Da Muntasir ya ce kulob zai tambayi wanda ya ɗauki nauyinsa, Alhaji ya ce a ce musu wani gareji ne a Zongo.

Haka aka faɗa wa shugaban kulob, shi kuwa ya karɓa. Injin ya iso a cikin kwalin madara, Muntasir ya ɗaura shi ya gwada a Kalabi har ya gamsu. A Abijan bai zo na ɗaya ba, yana tsakiyar jerin waɗanda suka yi tuƙi, amma ya tashi jirginsa a gaban taro ya sauko da shi lafiya. Da ya dawo ya ci gaba da zama a rumfarsa da safe, da la'asar kuma yana gareji, ranar Lahadi yana Kalabi.